Tricolor: Daren da Mota 2,871 Suka Nutse a Mashigin Manche



Ranar da muka zauna rabon batutuwan wannan fitowa, da na ce ni tarihin wani jirgin ruwa zan rubuta, dariya aka yi mini. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kai da ba ka taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin Madarunfa ba?" Ban yi gardama ba, don gaskiya ya faɗa. Ban taɓa ganin teku ba sai a telebijin. Amma ina da dalili, kuma daga gidanmu dalilin ya fito.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana zuwa Kwatano sayen motocin hannu. Ya saya a tashar ruwa, ya koro ta Paraku, ya ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya, ya gama da ƴan duwan, sannan Doso, Ƙonni, har Maradi. Wata shekara ina ƙaramin aji ya canza dabara, ya aika kuɗi wa wani a Turai don a sayo masa mota tun daga can a ɗoro ta a jirgi. Cikin kuɗin nan har da na adashen innata. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Duk sanda inna ta tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Yaya, ki yi haƙuri, tana bisa ruwa." Ni kuwa kalmar nan "bisa ruwa" ta tsaya mini a rai. Dukiyar gidanmu tana wani wuri da babu wanda ya san kamanninsa a cikinmu, a hannun mutanen da ba mu san ko sunansu ba. To ina ne bisa ruwan nan? Wa ke tuƙi? In abu ya faru, wa za a kama?

Da na girma na fara bincike, sai na ci karo da labarin Tricolor.

Jirgi ne na ƙasar Norwe, na kamfanin Wilhelmsen, an ƙera shi a 1987. Tsawonsa mita 190, wato kusan filin ƙwallo biyu a jere, faɗinsa mita 32. Irin jiragen nan ne da ƴan kasuwar mota ke kira roro: ba a ɗaga mota da ƙugiya a saka, tuƙa ta ake yi ta hau ta wata babbar ƙofa, a jera ta a ɗaure, in an isa a tuƙo ta a fito. A daren 13 ga Disamba 2002 ya tashi daga tashar Zeebrugge ta Beljik, zai tsaya Southampton a Ingila, daga nan ya wuce Amurka. A cikinsa akwai sabbin motoci 2,871, BMW da Volvo da Saab, ko leda ba a cire musu ba. Na yi lissafi a bayan kayena: in aka jera su baki da gindi, layin zai kai wajen kilomita 13. Ma'aikatan jirgin mutum 24 ne, mafi yawansu ƴan Filifin.

Sai ku fara sanin hanyar da zai bi. Mun karanta ta a darasin jogarafi, la Manche, ruwan da ya raba Faransa da Ingila. A inda ya fi tsukewa, tsakanin Calais da Dover, bai wuce kilomita 34 ba, amma manyan jirage sama da 400 ke ratsa shi kowace rana. Duk abin da zai shiga Rotterdam ko Anvers ko Hamburg daga kudu, ko ya fito daga can, nan ne ƙofarsa. Motocin hannun da ake lodawa a Anvers zuwa Kwatano da Lome, su ma nan suke bi. Saboda cunkoson ne tun 1967 aka shata wa jirage layuka a taswira, masu zuwa gefe ɗaya, masu dawowa gefe ɗaya, kamar gudron mai hannu biyu, sai dai babu fenti, babu ɗan sanda a tsaye, kuma jirgi ba shi da birki. In ka kashe inji, nauyinsa zai ci gaba da tura shi nesa kafin ya tsaya.

Wajen ƙarfe 2 na daren 14 ga wata, hazo ya rufe ko'ina. Ba irin hazonmu na hunturu mai ƙura ba, na ruwa ne, mai sanyi, wanda matuƙi ba ya ganin ko goshin jirginsa. Da na'urar rada kaɗai ake gani, jirage suna bayyana kamar ɗige-ɗige a allo. A wani wuri kimanin kilomita 30 da ɗoriya arewa da Dunkerque, jirage uku suka doshi juna.

Na farko Kariba, mai ɗaukar kwantena, mai tutar Bahamas. Daga Anvers ya fito zai je Le Havre, kuma jirgi ne na layin Turai zuwa tashoshin Afirka ta Yamma. Yamma ya nufa, yana gudun kilomita 30 a awa. Na biyu Tricolor, shi ma yamma ya nufa, yana bayan Kariba ta hannun dama, yana gudun kilomita 33, wato yana shirin wuce shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita ɗaya ba. Na uku Clary, mai tutar Singafo, ya taso daga kudu zai yanke hanyarsu ya yi arewa. Ku zana shi a ƙasa da tsinke za ku fi ganewa: Kariba a tsakiya, wani na tahowa daga hagunsa zai gitta gabansa, wani kuma na manne da damansa.

Kyaftin ɗin Kariba ya zuba ido a rada yana jiran Clary ya kauce, don shi ya kamata ya kauce. Clary bai motsa ba. Minti na wucewa, ɗigon nan na ƙara matsowa. Da ya ga abin ya ƙi, sai ya karya kan jirginsa dama don ya tsere wa wanda ke gabansa, ya faɗa wa wanda ke gefensa. Goshin Kariba ya huda cikin Tricolor ta hagu. Abin haushi, a daidai wannan lokacin Clary ma ya riga ya fara kaucewa, sai dai ya makara. A cikin mintocin da suka gabaci karon, babu ɗaya cikin ukun da ya kira ɗan'uwansa a radiyo, babu wanda ya busa ƙahon hazo. Mutum uku a mararraba cikin duhu, kowa ya yi shiru yana tsammanin ɗayan ya san abin da ke ransa.

Cikin kusan rabin awa Tricolor ya kwanta a gefensa ya nutse.

Nan na daɗe ina mamaki. Yaya jirgi mai girman unguwa zai tafi da sauri haka? Amsar tana cikin yadda aka gina shi. Jirgin dakon mai ko na hatsi an rarraba cikinsa ɗaki-ɗaki da bangon ƙarfe, in ruwa ya shiga ɗaki ɗaya sauran suna riƙe da shi. Jirgin mota kuwa ba ya son bango, don bango na hana tuƙi. Cikinsa hawa-hawa ne, kowane hawa fili ne fetal daga goshi har wutsiya, kamar garejin bene. Duk wanda ya taɓa ɗauko ruwa daga famfo ya san sauran bayanin. Ɗauki ruwa a jarka, za ka yi tafiyarka lafiya lau. Zuba wannan ruwan a faffaɗan baho ka ɗora a kai: da ka ɗan karkata, ruwan duka ya ruga gefe guda, ya ƙara karkatar da kai, kafin ka gyara ka jiƙe. Shi ya sa iyayenmu mata ke jefa ganye ko ƴar ƙwarya a kan ruwan, don ta karya masa gudu. A jirgin roro babu abin da ke karya gudun ruwa. Ga shi kuma dogo ne a sama, kamar kamiyon da aka yi wa lodi ya wuce kima. Mutanen Zeebrugge sun san wannan tun kafin Tricolor: a 6 ga Maris 1987 jirgin fasinja da motoci mai suna Herald of Free Enterprise ya bar tasharsu da ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya hau filin motoci, ya kife cikin abin da bai kai minti biyu ba, mutum 193 suka mutu.

A Tricolor, Allah ya kiyaye, duka 24 ɗin sun tsira. Kariba da kansa, da goshinsa a fashe, ya tsaya ya tsamo wasu, wani jirgin ja ya kwashi sauran. Clary kuwa ya ci gaba da tafiyarsa.

Da a tsakiyar babban teku abin ya faru, da labarin ya ƙare nan, kamfanonin asiransi su biya, kifaye su gaji motoci. To amma zurfin wurin mita 30 ne kawai, jirgin kuma faɗinsa 32, ga shi a gefe ya kwanta. In teku ta janye, ana ganin haƙarƙarinsa a waje kamar bayan dorina. In ta cika, ya ɓace ƙarƙashin ruwa kaɗan. Wato an samu dutsen ƙarfe mai tsawon mita 190 a kan hanyar da ta fi kowace cunkoso, wanda jiya babu shi a taswirar kowa.

Kwana biyu bayan nan, 16 ga Disamba, wani ƙaramin jirgin kaya mai suna Nicola ya zo ya hau kansa, sai da jiragen ja suka fizgo shi. Aka ƙara tsaro. Aka kewaye wurin da alamomi masu fitila, jiragen sintiri na Faransa da Ingila suka tsaya gadi, ana ta shela a radiyo ba dare ba rana. Duk da haka, ranar 1 ga Janairu 2003, jirgin dakon mai na Turkiyya mai suna Vicky, ɗauke da tan 70,000 na gazuwal, ya zo ya daki gawar. Da cikar teku ya samu ya sauka. Ku yi tunanin abin da zai faru da ya tsage gida biyu ko ya kama wuta.

Wannan sashen ne ya fi ba ni tsoro, fiye da karon farko. Karon farko an yi shi cikin hazo da ruɗewa, cikin mintoci. Na biyu da na uku an yi su ne bayan duniya duka ta ji labari. Kuma ba sabon abu ba ne a wannan ruwa. A 11 ga Janairu 1971 jirgin mai Texaco Caribbean ya yi karo da Paracas a mashigin Dover, ya fashe ya nutse. Washegari Brandenburg na Jamus ya hau gawarsa ya nutse. A ƙarshen Fabrairu, bayan an jera alamomi, Niki na Girka ya bi sahunsu da duk mutanensa. Rai 51 aka rasa a jere. Bayan wannan ne aka kafa sa ido da rada daga gaɓa, aka mai da bin layukan nan dole, sannan dokokin kauce wa karo na duniya na 1972 suka zo. Shekara 31 bayan haka, da duk na'urorin zamani, aka maimaita kusan abu ɗaya, sai dai wannan karon ba a rasa rai ba. Ni a ganina matsalar ba ta rashin gargaɗi ba ce. Gargaɗin ne ya yi yawa har ya zama kamar kukan injin niƙa ga maƙwabcinsa. Mutum ɗaya a ɗakin tuƙi, ya gaji, takardun shela na ta fitowa daga na'ura, ya saba bin hanyar nan sau ɗari. Wanda ya taɓa hawa motar dare daga Yamai zuwa Damagaram ya ga direba yana lumshe ido, ya san abin da nake nufi.

Akwai kuma man jirgin kansa, wajen tan 2,000 a tankunansa. Ana cikin zuƙe shi, a watan Janairu 2003, wani jirgin ja na masu aikin ya bugi gawar ya ɓalle wani murfi, baƙin mai ya malala. Lokacin sanyi ne, tsuntsayen teku sun taru a yankin. Dubbai aka tsinta a gaɓar Faransa da Beljik da Holan, fukafukansu sun daskare da mai. Su ba su sayi mota ba, ba su sayar ba.

Faransa ta ce dole masu jirgi su kwashe kayansu daga hanya. Ɗaga shi ɗungurungum ba zai yiwu ba, sai aka yanke shawarar yanka shi. Haɗin gwiwar kamfanonin Holan da Beljik ne suka karɓi aikin, Smit na kan gaba, kamfanin da ya yi aiki a ɗago jirgin yaƙin Rasha Kursk a 2001. Dabarar da suka yi ta burge ni ƙwarai. Suka kafa dandamali biyu, ɗaya kowane gefe, suka zura wata igiyar ƙarfe mai ƙaya ta ƙarƙashin jirgin, injuna na ja nan su saki can, kamar yadda mata ke yanka sabulun gida da zare. Igiyar ta bi ta cikin komai, bangon jirgi, inji, da motocin da ke hanyarta. An fara a Yuli 2003, aka raba shi gida tara, kowane yanki wajen tan 3,000, manyan injunan ɗaga kaya masu iyo suna ɗorawa a kan faffaɗan kwale-kwalen ƙarfe a kai Zeebrugge, inda ya taso. Na ga hotunan yankan. Kamar an yanka burodi ana kallon cikinsa, hawa bisa hawa, ga motoci nan a murƙushe cikin laka da tsatsa. Iska da igiyar ruwa suka sa wasu yankunan suka ruguje, sai da aka koma tsintar su da ƙatuwar ƙugiya. Ba a gama ba sai Oktoba 2004. Rabin awa ya nutse, kusan shekara biyu ana kwashewa. Mota ko ɗaya ba a sayar ba, duka aka narkar.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci, don ni ma na faɗa: kai, da ma a ba mu ko guda, bakaniken unguwarmu zai tada ta. Ba zai iya ba. Ruwan gishiri na wata bakwai ba ya barin waya ko inji.

Saura tambayata ta yarinta: wa za a kama? A kotun New York aka yi shari'ar. A 2006 alƙali ya ce laifin duka na Kariba ne, tunda shi ya karya kai ya yi duka. Masu Kariba suka ɗaukaka ƙara, kotun sama ta ce a'a, a sake dubawa, ba mai duka kaɗai ke da laifi ba. A 2008 aka raba laifin kashi-kashi: Kariba 63 cikin ɗari, Clary 20, Tricolor 17. Clary, wanda ko fentinsa bai goge ba, an kama shi da barin mutum ɗaya tak a ɗakin tuƙi da jinkirin kaucewa. Tricolor, wanda shi aka nutsar, an kama shi da gudu cikin hazo da ƙoƙarin wuce wani a kurkuse. Na so wannan hukunci, ban ɓoye ba. Mu a tasha in aka yi karo, wanda motarsa ta fi lalacewa shi ne mai gaskiya, wanda ya haddasa abin kuwa in bai taɓa kowa ba ya yi gaba abinsa. Sai dai kuma ku lura, shekara kusan shida aka yi ana wannan lissafi, da lauyoyin da kuɗin awarsu ɗaya zai ciyar da ɗalibi wata da watanni. Mai BMW dubu yana da wanda zai tsaya masa shekara shida.

Wani abu guda ya fito daga wannan hatsari wanda ake amfani da shi har yau: sabuwar alamar gaggawa mai ratsin shuɗi da rawaya, da fitila mai walƙiya launi biyun nan, wadda ake jefawa a kan sabuwar gawar jirgi don kada a ɗauke ta alamar da aka saba gani.

Amma kada ku ce daga nan an huta. Ranar 5 ga Disamba 2012, saura kwana tara a cika shekara goma cif, wani jirgin motoci mai suna Baltic Ace ya tashi daga wannan tasha ta Zeebrugge zai je Kotka a Finlan da sabbin Mitsubishi sama da 1,400. Da dare, a tekun Arewa kusa da gaɓar Holan, ya yi karo da jirgin kwantena Corvus J. Minti 15 ya yi a sama. Su ma mutum 24 ne a ciki, kamar na Tricolor. An ceto 13. Mutum 11 suka mutu a ruwan sanyin Disamba, ƴan ci-rani ne daga ƙasashe irin su Polan da Filifin, masu aika kuɗi gida ƙarshen wata kamar yayyenmu da ke Libiya da Abijan. Abin da na lura da shi wajen bincike, in ka nemi labarin jiragen motoci da suka nutse, Tricolor ne ke fara fitowa, da hotunan BMW a yanke. Adadin motocinsa kowa ya haddace shi har guda ɗayan ƙarshe. Baltic Ace sai ka ƙara tonawa. Ni kaina da na zo sa wa rubutun nan suna, motocin na ƙirga.

Motar kawu ta iso a wata na huɗu, babu radiyo, babu madubi ɗaya, amma ta iso. An sayar, inna ta samu kuɗinta da ɗan abin da ya hau. Da hutun da ya wuce na je gaishe shi, yanzu ya bar tafiya, ciwon baya ya zaunar da shi. Na ba shi labarin nan tun daga hazo har kotu, ina zana masa jiragen uku a ƙasa. Ya saurara har ƙarshe. Sai na ce, "Kawu, waccan motar da inna ta sa kuɗinta, da jirgin ya nutse, akwai asiransi a kanta?"

Ya yi shiru, ya kalli ƙofar ɗaki ko akwai mai ji. Ya ce, "Wace asiransi, ɗana? Takarda guda ɗaya mutumin ya aiko mini, da lambar mota da sunan jirgi, ita ma da Turancin Ingilishi. Ni dai kullum in na yi salla ina roƙon Allah shi kawo ta." Ya ɗan gyara zama ya ƙara da cewa, "Kada ka gaya ma innarka wanga zance."